Ƙanwata ta haihu lafiya, bayan suna numfashi ya fara gagararta, likita ya ce zuciya ce. Wa ya taɓa ganin irin wannan?

Yayar Maijego, Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina neman shawara musamman in akwai ma'aikatan asibiti a nan ko wadda abin ya taɓa samu, don wallahi kaina ya ɗaure.

Ƙanwata ce wadda ke bi mani, tana aure wani ƙauye gaba da Boɗinga, wannan haihuwarta ta ukku kuma shekarunta ba su wuce 23 ba. Da yake cikin ya ba ta wuya sai Inna ta ce a kawo ta gida ta haihu ta yi wankanta gabanmu. Alhamdulillahi ta haihu lafiya lau a asibiti, namiji, ko ƙari ba a yi mata ba, washegari anka sallame mu. Anka yi suna anka watse lafiya. To kamar kwana goma bayan suna sai na lura in ta taso daga ɗaki za ta banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango tana haki kamar wadda ta yi gudu, ƙafafunta sun kumbura har in kin danna da yatsa sai wurin ya loɓa ya daɗe bai ciko ba, ga wani tari da ke taso mata cikin dare. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta daina iya kwanciya, sai an jera mata filo ukku ta jingina ta kwana zaune, in barci ya kwashe ta ta zame ta miƙe sai ta zabura ta ce ana shaƙe ta.

Inna ta ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, sai anka ƙara wa ruwan wanka wuta safe da maraice, ga kunun kanwa kofi biyu kullum, ga romon ƙauri da yajin jego. Wata maƙwabciyarmu ta ce a'a iska ce, anka kawo rubutu da hayaƙi. Ni kuma da nawa wayon na je kemis na sawo maganin tari da na ciwon jiki. Haka munka yi ta fama kusan sati, ranar nan da asuba ta tashi tana zufa leɓenta ya canza launi ba ta iya haɗa kalma biyu ba ta tsaya ta ja numfashi ba, sai yayanmu ya ɗauko mota munka nufi asibiti.

An ba ta gado an sa mata oksijin, anka yi ta yi mata wata allura mai sa fitsari, cikin kwana biyu kumburin ya saɓe kamar ba ita ba. Anka yi mata hoton zuciya, irin sikanin ɗin ciki ne amma a ƙirji ake aza abin, likita ya ce zuciyarta ta buɗe ta yi rauni ba ta tura jini yadda ya kamata, wai ƙarfinta 30 ne cikin 100, kuma wai cikin ne da haihuwar sunka jawo. Kwananmu tara anka sallame mu da leda cike da magani. Yarinyar da ba ta taɓa ciwon zuciya ba fa, ko hawan jini ba ta da shi in ba ɗan abin da ya hau mata a watan haihuwa ba.

Yanzu ga inda matsalar take. Likita ya ce a bar kanwa a rage gishiri a bar wankan ruwa mai tsananin zafi, Inna ta ce ita ba a haife ta ta ga maijegon da ba ta cika arba'in da wanka ba, rabin rana tana faɗa rabin rana tana kuka wai ita ta kashe ɗiyarta da hannunta. Don Allah da gaske wankan ne da kanwar sunka jawo? Sannan nonon da take ba yaro da duk wannan magani a jikinta ba matsala? Na ƙarshe kuma shi ya fi nauyi, likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai an sake hoton an ga yadda zuciyar ta koma, dangin mijin sun ji maganar har uwar mijin ta aiko wai mu muke son hana ɗansu haihuwa. Ya za mu yi da mutanen nan?

Maman Biyu, Gwadabawa:

Wa alaikumus salam. Allah shi ba ta lahiya shi raya abin da anka samu. 'Yar'uwa da nik karanta labarin ga naki sai da hankalina yat tashi, don abin da yas same ni ke nan ga haihuwata ta huɗu, ni tagwaye ma nis samu. Kwanan zamne ɗin nan na yi shi ya kai sati biyu, kowa yaz zo barka sai shi ce jego na, za ya wuce. Har wata gwaggona tac ce kumburin ai alamar jini na, wanka ya karɓe ni, ki ji fa. Sai da nis suma tsakar gida kan anka kai ni birni.

Abin da za ni ce maki guda ɗaya na, don shi yak kusa kai ni lahira: kada ta bar shan magani don ta ji sauƙi. Ni wata biyu da hwara magani na ji garau, ina daka ina ɗebo ruwa, sai nic ce to mi za a yi da ɓarnar kuɗi, nib bari ban gaya ma kowa ba. Ba a yi sati ukku ba dut abin yad dawo, wagga karon har cikina yac cika da ruwa kamar mai wani cikin. Likitan da yag gan ni sai da yay yi mani faɗa kamar ɗiyatai. Daga nan ban sake wasa ba, shekara ɗaya da 'yan watanni ina sha ina zuwa kilinik, anka sake hoto anka ce zuciya ta koma daidai, sannan sunka riƙa rage mani maganin da kansu kaɗan-kaɗan.

Nono kau na ba 'yan biyuna har yaye, da sanin likita, ga su nan sun shiga firamare. Maganar Inna kuma ki bi ta a hankali, tsohuwa ta, abin da anka yi mata shi ta sani kuma don so take yi. Ni tawa uwar da tag ga yadda anka zuƙe mani ruwa ga ciki da sirinji ita da kanta tad daina dama kunun. Ku tai da ita kilinik rana guda ta zamna ta ga sauran mata masu irin ciwon, za ta ga ba ɗiyarta kaɗai ba ta.

Sista Ungozoma, Arkilla:

Sannu da ƙoƙari Yayar Maijego, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ungozoma ce ba likitar zuciya ba, don haka duk abin da zan faɗa ba zai maye maganar likitan da ke ganinta ba, amma ciwon nan mun san shi sosai a ɗakin masu jego. In kin duba takardar sallamarta mai yiwuwa ki ga an rubuta PPCM. Raunin tsokar zuciya ne da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, yawanci har zuwa wata biyar, kuma macen da ba ta da ciwon zuciya a da. A wasu ƙasashen abu ne da likita zai daɗe bai gani ba, a Amurka ana maganar mace ɗaya cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. Mu nan Sakkwato kuwa wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka buga a 2007 ya samu kusan ɗaya cikin haihuwa 100, ƙididdigar asibiti ce ba ta gari duka ba amma duk da haka arewacin Najeriya na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. Shi ya sa nake jin haushi in na ji an ce wa maijego mai haki ai jego ne.

Bari in fara kwantar maki da hankali kan 30 ɗin nan, don na ga mutane da yawa suna ɗauka kashi 70 na zuciyar ya mutu ke nan. Ba haka ba ne. Abin da ake aunawa shi ne in zuciya ta cika da jini ta matse, kashi nawa take fitarwa a bugu ɗaya. Lafiyayyar zuciya ma ba ta fitar da duka, wajen 55 zuwa 70 take yi. In ya sauka ƙasa da 45 ne ake cewa akwai wannan ciwon. To 30 rauni ne na gaske ba abin wasa ba, amma mata da dama suna farfaɗowa cikin wata uku zuwa shida in suna shan magani, wasu sai sun fi haka kamar Maman Biyu, wasu kuma gaskiya ba ta komawa daidai sai dai a yi ta lallaɓawa. Hoton da za a sake shi zai nuna ɓangaren da ta faɗa.

Kwanan zaune kuma dalilinsa shi ne zuciya ta kasa kwashe jinin da ke dawo mata, sai ruwa ya taru, wani ya sauka ƙafa wani ya kwanta a huhu. In ta miƙe a gado ruwan da ke ƙafa ya koma sama ya ƙara wa huhu kaya, shi ne take jin kamar an shaƙe ta. Allurar fitsarin nan ruwan take fitarwa.

Maganar wanka da kanwa. Tun wajen shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon ya yi yawa a matan Hausawa suka danganta shi da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙasa. Amma binciken baya-bayan nan da aka haɗa asibitoci da yawa a Najeriya bai nuna al'adar ce tushen ciwon ba, abin da ya fi fitowa shi ne rama da rashin abinci mai gina jiki, talauci, da hawan jinin ciki irin wanda kika ce ya taɓa ta a watan haihuwa, a Kano kuma an samu ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam a jinin masu ciwon. Akwai ma matan da ba su taɓa ganin kanwa ba a wasu ƙasashen kuma yana kama su. Don haka ki gaya wa Inna ba ita ta sa wa 'yarta ciwo ba, ta share hawayenta. Sai dai kuma, in zuciya ta riga ta yi rauni kanwa tana ƙara mata wahala ƙwarai, don kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki shi ne a cikinta. Kina ba ta maganin fitar da ruwa da safe kina ba ta kunun kanwa da hantsi, kin ga ana zuba ruwa a rariya ke nan. Haka romon nan da ake cika wa gishiri da dunƙule. Ruwa mai tsananin zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya sa zuciya gudu, ga ɗaga ganye ana fyaɗawa, ga zafin garin nan da kan haura digiri 40 a bazara, mai shan waɗannan magunguna tana iya yanke jiki ta faɗi a wurin wankan. Ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, a sa ganyen dogon yaro in Inna na so ba wanda ya hana, a zaune kuma da wani kusa.

Wani abu da na tsinta a labarinki, maganin ciwon jikin da kika sawo a kemis. In irin su diclofenac ne ko ibuprofen a ɗauke su daga ɗakin gaba ɗaya, suna riƙe ruwa suna taɓa ƙoda. Komai za ta sha ko na gargajiya ne a fara tambaya.

Nono: yawancin magungunan da ake ba masu wannan ciwon an san waɗanda suka dace da mai shayarwa kuma su ake zaɓa, ki dai tabbatar likitan ya san tana shayarwa. Akwai wani magani guda, bromocriptine, da wasu likitoci ke bayarwa a wannan ciwon wanda shi yana ƙafar da nono, in da an ba ta da an gaya maku a shirya madara. Kada ku yaye jariri da kanku don tsoro, madarar gwangwani ga tsada ga gudawa in ruwa ba tsabta.

Ku samu sikeli ta riƙa hawa kowace safiya bayan ta yi fitsari, a rubuta. In ta ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne ke taruwa ba ƙiba ba, a koma asibiti kada a jira ranar kilinik. Haka in hakin ya dawo, ko tari mai kumfa, ko suma, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko baki ya karkace ko hannu ya mutu, don zuciya mai rauni jini na iya daskarewa a cikinta gudan ya tafi ƙwaƙwalwa.

Sai maganar ciki, a nan ba zan ɓoye maki ba. In ta ɗauki ciki zuciyar ba ta warke ba ana iya rasa ta, don ciki yana ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi kuma zuciyar ce za ta ɗauki kayan. Ko ta warke ma cikin gaba sai an bi shi da likitan zuciya tun daga farko don yakan dawo. Ƙari a kan haka wasu daga cikin magungunan da take sha yanzu suna illa ga ɗan tayi. Kuma ba kowane tsarin tazara ya dace da ita ba, ƙwayar nan ta kullum mai haɗin sinadari biyu ba a so ga mai ciwon zuciya, an fi ba su ashanar hannu ko robar mahaifa. Kada ku tsaya musu da uwar miji ta hanyar aike, ba ku za ku ci ba. Mijin za ku kamo ya zo ya zauna gaban likita ya ji da kunnensa a nuna masa hoton.

Malam na Kwannawa:

Allah ya ba ta lafiya. Sista na gode da kika faɗi gaskiya cewa ba wanka ne tushen abin ba, don yanzu komai ya faru sai a ce al'ada, iyayenmu sun haifi goma goma sun yi wankan nan sun sha kanwa kuma ga su nan da ƙarfinsu sun fi matan yanzu. Sannan a riƙa tuna talaka, hoton zuciya da magani na wata da watanni ba ƙaramin kuɗi ba ne, wani ba ƙin asibitin yake ba aljihun ne.

Amma ni ma na ga abin da ya girgiza ni, ba zuciya ba ce tamu, mabiyiya ce. Maiɗakina ta haihu a gida cikin dare haihuwa ta biyar, yaro ya faɗo lafiya yana kuka, mabiyiya ta ƙi fita. Tsohuwar da ke karɓar haihuwa a unguwarmu ta ba ta kwalba ta yi ta hurawa, anka sa mata muciya a baki don ta yi yunƙurin amai, anka turara barkono ta yi atishawa, shiru. Ni ina waje ba a gaya mani komai ba don kunya, sai can wajen awa biyu ƙanwata ta fito ta ce Yaya jini fa ya yi yawa. Da na leƙa na ga zannuwan da anka tara gefe ban san sanda na fita ba takalmi neman mota ba. Kafin mu isa ta daina amsa kira. Leda ukku anka ƙara mata, ɗaya tawa biyu na ƙannena, anka shiga da ita anka ciro abin. Likitar ta ce da mun ƙara rabin awa sai dai wani labarin.

To tambayata Sista, don matanmu da yawa gida za su ci gaba da haihuwa ko mun so ko mun ƙi, in irin haka ta faru minti nawa ya kamata a jira, kuma me mutum zai yi kafin a samu mota? Don har yau in na tuna awa biyun nan da na yi zaune a zaure ina jan carbi raina ɓaci yake.

Sista Ungozoma, Arkilla:

Malam maganar kuɗi gaskiyarka ce ban musa ba. Amma ta iyayenmu da suka haifi goma, waɗanda suka rayu ne muke gani. Ka tambayi kowace tsohuwa a gidanku ta lissafa maka ƙawayenta da 'yan'uwanta da suka tafi wurin haihuwa ko cikin arba'in, za ka sha mamaki, a lokacin sai a ce kumburi ne ko iska ko jini ya haye mata.

Amsar tambayarka: minti 30. In yaro ya fito an yi rabin awa mabiyiya ba ta biyo ba a kama hanya, in kuwa jini na zuba ba a jiran ko minti ɗaya. Kuma motar tun ana naƙuda ake tanadinta ba sai abu ya ɓaci ba. Kafin a tafi a sa jariri a nono don tsotson na sa mahaifa ta matse, a sa ta ta yi fitsari don mafitsara in ta cika tana tare hanya, a rufe ta da zane kada ta yi sanyi. Abin da ba a yi shi ne jan cibiya da ƙarfi. Na taɓa karɓar wadda aka ja mata har mahaifar ta juyo ta fito waje kamar an juya aljihu, abu ne da ba a cika gani ba amma yana kisa cikin ɗan lokaci, wata kuma cibiyar ce ke tsinkewa a bar mabiyiyar a ciki. Wani lokacin ma mabiyiyar ta manne ne cikin naman mahaifa musamman ga wadda aka taɓa yi wa aiki, wannan ko duk barkonon kasuwa aka turara ba za ta fita ba sai tiyata.

Yawan jinin da muke kira zubar jini bayan haihuwa rabin lita ne, wato cikin ledar fiya wata guda, ka ga ba wani yawa ba ne a ido, kuma zane yana shanyewa ya ɓoye. In mabiyiya ta fita jini bai tsaya ba a dafa ƙasan cibiya a murza mahaifar har ta yi tauri kamar ƙwallo, ana yi ana tafiya. A 2013 aka fara raba wa mata a jihar nan ƙwayoyin misoprostol guda uku da man cibiya na chlorhexidine saboda masu haihuwa a gida, ƙwayoyin suna rage zubar jini sosai amma bayan yaro ya fito ake sha, kuma sai an tabbatar ba wani yaron a ciki. Wasu sun mai da shi maganin naƙuda, su sha ko a yi masu allurar naƙuda a gida don abu ya yi sauri, wannan shi ke fasa mahaifa.

Tunda ana maganar cikin arba'in bari in ƙara ɗaya don ya shafi mai tambaya ma. Jijjiga, wadda hawan jinin ciki ke jawowa, ba a kan gwiwa kaɗai take zuwa ba, tana iya kama mace bayan ta haihu ta koma gida, har makonni bayan haihuwa. Maijegon da ke kukan ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ko tana ganin hazo-hazo ko walƙiya, ko ciwo a saman ciki wajen dama, a auna hawan jininta ranar, in ya kai 140 bisa 90 a tafi. In ta fara jijjigar a kwantar da ita ta gefen hagu kada a cusa mata cokali ko a ɗura mata ruwa ko rubutu a baki, shaƙewa za ta yi. Maganinta allurar magnesium sulphate ce, har akwai gajeren tsarin bayar da ita da likitocin asibitin koyarwa na nan garin suka gwada aka buga a 2009, sunan Sakkwato ma aka sa masa. A yi addu'a a mota ana tafiya, ba wanda ya hana haɗa biyun.

Maman Biyu, Gwadabawa:

Sista Allah shi biya ki. Malam kai ma ka ji, ku maza ku daina zama zaure kuna jira a hito a gaya maku, ku riƙa aikawa kuna tambaya, kunyar ga ta ci mata da yawa.

Yayar Maijego, Mabera:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci, ku yi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba hidima ta yi yawa. Na karanta ma Inna amsar Sista tun daga farko har ƙarshe, wurin da anka ce ba ita ta jawo ba sai da ta sa na maimaita mata sau biyu. Maganin kemis ɗin na duba, diclofenac ne kuwa, na zubar, ni ma ashe da nawa laifin.

Ranar kilinik yayanmu ya kira mijin ya ce ya zo ana nemansa, bai gaya masa dalili ba. Ya zo da ƙanen babansa, likita ya zaunar da su ya kunna masu hoton ya nuna masu yadda zuciyar ke motsi da ƙyar, ya ce masu shi bai ce ta gama haihuwa ba, cewa ya yi a jira a sake hoto bayan wata shida sannan a zauna a yi magana. Baffan nasa ne ma ya fara magana ya ce ai ko a addini shayarwa shekara biyu ce, gaggawar me ake. Mijin bai ce komai ba har munka fito, a bakin mota ya tambaye ni nawa ne kuɗin maganin wata, ya ƙirgo rabi ya ba ni ya ce sauran sai ya sai da wake. Ashanar an sa mata ranar da yardarsa. Uwar mijin dai har yau ba ta kira ba, kuma mun ce ba za ta koma ƙauye ba sai bayan hoton, can ba mai hana ta daka da ɗibar ruwa, wannan rigimar tana gaba.

Jiki kam alhamdulillahi, jiya da filo ɗaya ta kwana. Sikeli na aro wurin wata ƙawata muna rubutawa bayan kalanda, kwana biyar ke nan yana wuri ɗaya. Wanka an dawo ruwan ɗumi amma Inna ta ce ganyen dogon yaro ba fashi kuma sai an cika arba'in ɗin, mun bar mata wannan. Kunu an koma na gyaɗa da na tsamiya. Sauran kanwar kusan rabin tiya da ta sawo tun cikin na wata bakwai, shekaranjiya na ga ta ƙulle a leda ta ba almajirinmu ta ce ya kai ma maƙwabcinmu mai tumaki.